Yadda Ake Shirya da Duba Naman Ƙarin Pituitari Mai Fitar da Sinadarin Girma a Ɓerayen Gwaji

Wannan bayani na ɗalibi ne, ko sabon ma'aikacin ɗakin bincike, da aka damƙa wa ɓeraye aka ce ya duba ko akwai ƙari a pituitarinsu, wato ɗan naman da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai fitar da sinadarai, kuma ko ƙarin yana fitar da sinadarin girma, wato GH. Abin da za ka ciro ɗan mitsitsi ne. Na babban ɓera irin Wistar ko Sprague-Dawley bai fi miligiram 10 zuwa 15 ba, na ƙaramin ɓera irin C57BL/6 kuwa wajen miligiram 2 ne. Tambayoyi uku ake so gilasanka su amsa: shin ƙari ne ko yawaitar sel kawai, wane sinadari yake yi, kuma da wane sauri yake tsiro. Rinin H&E (hematoksilin da iyosin) shi kaɗai ba ya amsa ko ɗaya daga cikinsu har ƙarshe, kuma a nan yawancin masu farawa ke tsayawa.

KAYAN AIKI

Na fiɗa: almakashi babba na yanke ƙashi, ƙaramin almakashi mai tsini, hantsaki biyu masu siririn baki, allurar sirinji lamba 26, ɗan ƙaramin cokalin awo mai faɗin baki, sikeli mai auna har 0.1 na miligiram, da fitila mai haske sosai. Idan akwai maikiroskop na fiɗa, ya fi. In babu, gilashin ƙara girma mai ƙafa zai yi.

Na shirya nama: fomalin 10% mai bafa, itanol 70%, 90% da 100%, zailin, kakin farafin mai narkewa a digiri 56 zuwa 58, kaset mai ƙananan ramuka, takardar goge lens, maikirotom da sabbin reza, kwanon ruwan ɗumi, gilasai masu riƙe nama, ƙanƙara, da fensir. Da fensir ake rubutu a kaset da gilashi, domin tawadar biro tana wankewa a alkohol.

Na rini: hematoksilin da iyosin; kayan rinin retikulin, wato potasiyam pamanganet, oksalik asid, ayon alam, silba naitiret, amoniya mai ƙarfi, sodiyam haidiroksaid, gol kulorayid da sodiyam tayosalfet; antibodi, wato sinadaran da ke manne wa abin da ake nema a nama, na GH, prolaktin (sinadarin samar da nono), Pit-1 da Ki-67 (alamar sel masu rabuwa); antibodi na biyu da DAB mai ba da launin ruwan ƙasa; bafar sitiret; ruwan da aka tace ta hanyar tururi, mai yawa; da DPX na rufe gilashi.

Na kare kai: safar hannu, tabarau, da wurin da iska ke fita. Fomalin yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, DAB ma ana zarginsa.

MATAKI NA 1: KA SAN DABBAR DA KE HANNUNKA

Abin da za ka nema a gilashi ya danganta da yadda aka samar da ƙarin, don haka ka tambaya kafin ka ɗauki almakashi.

Hanya mafi yawa ita ce dashen sel ɗin GH3. Armen Tashjian da abokan aikinsa suka bayyana su a 1968, daga wani ƙarin pituitari na ɓeran Wistar-Furth. Ana yi wa ɓeran Wistar-Furth, ko ƙaramin ɓera marar garkuwar jiki, allurarsu a ƙarƙashin fatar kwiɓi, sai ƙari ya tsiro a can. GH3 suna fitar da GH da prolaktin duka biyu; 'yan uwansu GC sun fi karkata ga GH. A wannan hanya ƙarin ba ya cikin kai, kuma tambayar ko ƙari ne ba ta taso ba. Amma ka ciro pituitarin dabbar ita ma, domin GH da ke kwarara daga kwiɓi yana danne nata sel ɗin.

Sai ƙananan ɓerayen da aka sauya wa ƙwayar gado. Waɗanda aka sa wa ƙwayar gadon GHRH na ɗan Adam, wato sinadarin da ke sa pituitari ya saki GH, suna fara da kumburin pituitari gaba ɗaya saboda yawaitar sel, sai bayan sun wuce wata 10 ƙari na gaske yake bayyana, kamar yadda Sylvia Asa da Kalman Kovacs da abokansu suka nuna a Toronto a 1992. A ganina wannan ita ce dabbar da ta fi koyar da ido, domin a cikinta kake ganin hanyar daga farko zuwa ƙarshe. Akwai masu kwafi ɗaya na Aip, ƙwayar gadon da masu bincike a Finland suka danganta da ƙarin pituitari mai bin dangi a 2006. Rahoton Helsinki na 2010 ya ce dukkan ɓerayen sun yi ƙari zuwa wata 15, mafi yawa masu GH, amma wasu ɗakunan binciken sun ga abin bai kai haka ba, don haka kada ka shiga da tabbacin sai ka gani. Waɗanda aka ƙara wa ƙwayar gadon HMGA2 kuma suna yin ƙari mai haɗa GH da prolaktin, ya fi yawa a mata.

Ga gargaɗi biyu. Tsofaffin manyan ɓeraye suna yin ƙarin pituitari da kansu ba tare da an yi musu komai ba, kuma galibinsa na prolaktin ne; haka ma wanda istirojin ke jawowa a ɓeran Fischer 344. Ƙananan ɓeraye masu matsalar ƙwayar gadon Rb ko p27 kuwa ƙarinsu daga ɓangaren tsakiya na pituitari yake fitowa, ba ruwansa da GH.

Idan a asibitin dabbobi kake, kyanwa mai ciwon sukari da insulin ya ƙi ji tana iya ɗauke da wannan ƙari na asali, kuma matakan da ke ƙasa sun shafe ta. Kare kuwa yawanci daga nono GH ɗinsa ke fitowa idan projestaron ya yi yawa, pituitarinsa lafiya lau.

MATAKI NA 2: IZINI, AWO DA JINI

Ba a fara komai sai da amincewar kwamitin kula da dabbobin bincike na makarantarku. Ka haɗa kowace dabbar gwaji da wata lafiyayya sa'arta a shekaru kuma jinsinsu ɗaya, daga uwa ɗaya in zai yiwu. Pituitarin mace ya fi na namiji girma kuma ya fi yawan sel ɗin prolaktin, don haka gwada mace da namiji ɓata lokaci ne.

Auna nauyin jiki da tsawo daga hanci zuwa gindin wutsiya. Ka ɗebi jini ka ware ruwansa ka daskarar. GH a babban ɓera namiji yana tashi yana sauka kusan kowane awa uku, saboda haka awo ɗaya yana iya yaudararka. IGF-1, sinadarin da GH ke sa hanta ta fitar, ya fi tsayawa wuri ɗaya, shi za ka dogara da shi.

Wajen kashe dabbar, yi amfani da isofuluren mai yawa, ko ketamin da zailazin fiye da ƙima, ko iskar CO2 da ake sakewa a hankali. Na san har yanzu ana amfani da kulorofom a ɗakunan bincike da dama a ƙasar nan saboda arha, amma ƙa'idojin yanzu ba su yarda da shi ba, yana lalata hanta, kuma kai ma kana shaƙa. Karya wuya ma ka guje masa a wannan aiki, domin yana tara jini a gindin kwanya, daidai inda za ka duba.

MATAKI NA 3: CIRO PITUITARI

Rabin nasarar aikin a nan take. Ka gama cikin minti 10 bayan mutuwa.

Tsaga fatar kai ta tsakiya daga wuya zuwa hanci. Sa bakin almakashi a ramin da lakar baya ke shiga kwanya, ka yanka ƙashin ta gefen dama da na hagu zuwa wajen ido, bakin almakashin yana goga ƙashi ba ƙwaƙwalwa ba. Ɗaga murfin zuwa gaba. Daga nan ka sa ɗan cokalin ta gaban ƙwaƙwalwa ka ɗaga ta a hankali, ka yanke jijiyoyin ido, ka ci gaba da kwantar da ita baya. Pituitari ba ya biyo ƙwaƙwalwa. Yana zama a kan ƙashin gindin kwanya, tsakanin wasu fararen jijiyoyi biyu masu kauri, lulluɓe da siririn tantani. Lafiyayye tsakiyarsa fari-fari ne, fikafikansa biyu masu ɗan ja. Mai ƙari yakan kumbura, ya yi ja mai duhu ko ruwan ƙasa, ya yi laushi.

Idan ka ji ƙwaƙwalwar ta ƙi tasowa, tsaya. Babban ƙari yana manne wa ƙasan ƙwaƙwalwa, kuma wannan mannewar hujja ce da za ka buƙata daga baya. Ka bar su tare ka jefa kan gaba ɗaya cikin fomalin.

Kada ka ciro shi ɗanye, musamman a ƙaramin ɓera. Ɗauki hoto da rula a gefe, ka yanke gindin kwanyar da pituitarin a kai, ka sa a fomalin. Washegari ya yi ƙwari, sai ka tsaga tantanin da bakin allura ta gefen kowace jijiya, ka tura cokali ƙarƙashinsa ka ɗaga. Ko sau ɗaya kada ka matse shi da hantsaki. Inda hantsaki ya kama, cibiyoyin sel suna murƙushewa su zama baƙaƙen zare, babu rinin da zai gyara wannan. Ka tsane shi kaɗan a takarda ka auna nauyi, kuma dukkan dabbobi a auna su a mataki ɗaya, bayan fomalin.

Idan kana da hanyar kai nama ga maikiroskop na ilektiron, nan ne kawai za ka saɓa wa wannan ƙa'ida: gutsuri ɗan yanki bai fi milimita 1 ba tun yana ɗanye, ka sa a gulutaraldihaid 2.5% mai sanyi.

Ƙarin GH3 na kwiɓi kuwa a auna shi, a tsaga ta tsakiya, a yanko falle mai kaurin milimita 3 zuwa 4 da ya haɗa baki da tsakiya.

MATAKI NA 4: FOMALIN

Ruwan ya ninka naman sau 10 zuwa 20, awa 24 a zafin ɗaki, kada ya wuce 48. In aiki zai jinkirta, mayar da naman cikin itanol 70%.

In babu haɗaɗɗe, ga yadda ake yi: mililita 100 na fomaldihaid 37 zuwa 40%, mililita 900 na tataccen ruwa, giram 4 na sodiyam fosfet monobesik, da giram 6.5 na daibesik marar ruwa. Kada ka raina bafar nan. Fomalin da aka tsinka da ruwa kawai yana yin tsami, ya haɗu da jini ya bar baƙaƙen ɗigo masu ruwan ƙasa, kuma waɗannan ƙari cike suke da jini. Ɗigon yana kama da DAB har mutum ya ƙirga shi a matsayin sakamako.

Idan kana so ka yanka ƙarin tare da ƙashin da ke ƙarƙashinsa, tausasa ƙashin da EDTA 10% a pH 7.4, kana canza ruwan duk bayan kwana biyu ko uku, har allura ta shiga ba turjiya. A ƙaramin ɓera yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Asid mai ƙarfi ya fi sauri, amma yana kashe Ki-67.

MATAKI NA 5: CIRE RUWA DA SAKAWA A KAKI

Ɗiga masa ɗan iyosin don ya yi ja ka riƙa ganinsa, ka naɗe shi a takardar lens kafin ka rufe kaset. Pituitarin ƙaramin ɓera yana fita ta ramin kaset na yau da kullum, kuma ba za ka sake ganinsa ba.

Kada ka sa shi a tsarin dare na na'ura tare da manyan nama, zai bushe ya riƙa farfashewa. Da hannu ya fi: minti 30 a 70%, 30 a 90%, sau uku minti 30 a 100%, sau biyu minti 20 a zailin, sau biyu minti 40 a kaki mai digiri 60. Fallen GH3 ka ba shi awa ɗaya a kowane mataki. In ana yawan ɗauke wuta, kada ka shiga zailin sai ka tabbata kakin a narke yake kuma akwai janareta; nama yana iya jira a 70%, ba ya iya jira a zailin.

Wajen zubawa, tsayar da shi yadda reza za ta ratsa daga dama zuwa hagu ta kama fikafikai biyu, ɓangaren tsakiya da na baya a yanka ɗaya. Duk yadda ka zaɓa, dukkan dabbobi su zama iri ɗaya.

MATAKI NA 6: YANKA

Kaurin maikiron 3 zuwa 4. Kwantar da bulok a kan ƙanƙara minti 10 kafin ka fara, ka riƙa mayar da shi. A bazara ka yi yanka da sassafe, domin da rana kakin yana laushi ya riƙa tattarewa. A hunturu kuma bushewar iska tana sa fallen ya manne wa reza ko ya tashi. Huci kaɗan a fuskar bulok yana taimakawa. Ruwan kwano digiri 40 zuwa 45.

Kada ka yi share fuska da yawa kamar yadda ake yi wa hanta, domin 'yan juyi kaɗan sun ishe ka ka wuce naman gaba ɗaya. Da zarar jan ɗigon ya bayyana, fara ɗauka. Ƙananan ƙari suna ɓuya, don haka ka yanka hawa-hawa: a kowane hawa ka ɗauki fallaye takwas a jere, kowanne a gilashinsa, ka tsallake maikiron 50 zuwa 100, ka sake. Jerin ya zama H&E, retikulin, GH, prolaktin, Pit-1, Ki-67, na gwaji marar antibodi, da ɗaya na ajiya. Amfanin jerewar shi ne ka ga wuri guda da rini daban-daban.

In babu gilasai masu caji, shafa poli-L-laisin ko APES. Farin ƙwai yana yi wa H&E, amma kada ka yi amfani da shi ga gilasan antibodi, domin akwai abidin a cikinsa, kuma zai ɓata maka aiki in tsarinka na abidin da bayotin ne. Busar da gilasai kwana guda a digiri 37, ko awa ɗaya a 60.

MATAKI NA 7: H&E DA KALLON FARKO

Rinin ba sabon abu ba ne: zailin sau biyu minti biyar-biyar, alkohol zuwa ruwa, hematoksilin minti biyar, tsomawa a alkohol mai asid in hematoksilin ɗin na Harris ne, ruwan famfo har ya yi shuɗi, iyosin minti ɗaya zuwa biyu, sai cire ruwa da DPX.

Fara da lens mafi ƙanƙanta, kuma da lafiyayyar dabba. Ɓangaren gaba na lafiyayye gauraye yake: sel masu ja, masu shuɗi-shuɗi, da waɗanda ba su ɗauki rini ba, a jere cikin ƙananan rukunoni tsakanin jijiyoyin jini. A ɓera akwai tsaga ta asali, bayanta kuma wani ɗamara na sel iri ɗaya sak. Wannan shi ne ɓangaren tsakiya, halittarsa ke nan. Masu farawa da yawa sun rubuta shi a matsayin ƙari, musamman in yankan ya karkace ya sa shi ya yi faɗi.

Ƙari kuwa alamunsa su ne sel iri ɗaya shimfiɗe ba tsari, manyan ramuka cike da jini, tsohon zubar jini mai launin zinariya, cibiyoyin sel manya ko mabambanta girma, sel masu rabuwa, da matse naman da ke gefe har ya zama siriri. A ƙarin GH3 za ka ga sel masu rabuwa da yawa da matattun wurare a tsakiya.

Jan launi ba shaidar GH ba ne. Sel ɗin prolaktin ma suna ɗaukar iyosin, kuma ƙarin GH mai ƙarancin ma'ajiya yana iya fitowa fari fat.

MATAKI NA 8: RETIKULIN

Wannan rini ne ke raba gardama tsakanin yawaitar sel da ƙari. Zaren retikulin yana kewaye kowane rukunin sel kamar katangar gidaje a unguwa: in mutane suka yi yawa gidaje suka faɗaɗa amma katangu na tsaye, yawaita ce, in katangu suka rushe aka zama fili ɗaya, ƙari ne.

Hanyar Gordon da Sweets ta 1936 nake bi. Haɗa ruwan azurfa a ranar: zuba mililita 5 na silba naitiret 10%, ka ɗiga amoniya ɗigo-ɗigo kana kaɗawa har gurɓin da ya fito ya narke. Ƙara mililita 5 na sodiyam haidiroksaid 3%, ya sake yin baƙi, ka sake ɗiga amoniya har ya kusa washewa, ya rage ɗan hazo. Cika zuwa mililita 50 da tataccen ruwa ka tace. Kuskuren da aka fi yi shi ne zarce amoniya har ruwan ya yi garau, sai zaren ya ƙi fitowa. In hakan ta faru, ɗiga silba naitiret har hazon ya dawo.

Bayan ka kai gilashi ruwa:
a. Pamanganet mai asid, wato mililita 47.5 na 0.5% da 2.5 na salfurik asid 3%, minti biyar.
b. Oksalik asid 1% har naman ya yi fari.
c. Ayon alam 2.5%, minti 15, sai wanki sosai da tataccen ruwa.
d. Ruwan azurfa, minti ɗaya zuwa biyu, sai wanki.
e. Fomalin 10%, minti biyu. A nan zaren ke yin baƙi.
f. Gol kulorayid 0.2%, minti uku.
g. Tayosalfet 5%, minti uku, sai ɗan rinin ja na cibiyar sel.

In babu gol kulorayid, tsallake shi. Zaren zai yi baƙi-ƙasa a kan rawaya, kuma ana iya karantawa. Kwanuka su zama tsaf, kada ƙarfe ya taɓa ruwan azurfa, yi amfani da hantsakin roba. Sa fallen hanta a kowane zagaye: in hanta ba ta nuna zare ba, rininka ne ya lalace, kada ka ce katangar pituitari ce ta rushe. Ragowar ruwan azurfa ba a ajiye shi, domin in ya daɗe ko ya bushe yana iya fashewa. Zuba masa ruwan gishiri mai yawa ko haidirokulorik asid tsinkakke kafin a kai shi wurin sharar sinadarai.

A ɓerayen GHRH za ka iya samun duka biyu a gilashi ɗaya: faffaɗan rukunoni masu katanga ko'ina, da dunƙule guda da zarensa ya ɓace, an tura ragowar zuwa bakinsa.

MATAKI NA 9: TABBATAR DA SINADARIN

Kafin ka sayi antibodi, karanta takardarsa ka ga an gwada shi a irin dabbarka kuma a naman kaki. GH na mutum ya bambanta da na ɓera sosai, don haka wanda asibiti ke amfani da shi ba lallai ya kama ba. In namanka na ƙaramin ɓera ne, nemi antibodin da aka yi a zomo ko akuya. Wanda aka yi a ƙaramin ɓera zai sa na biyun ya kama jini da komai.

Cire kaki, kai ruwa. Dafa gilasai a bafar sitiret, giram 2.94 na tiraisodiyam sitiret a lita ɗaya, a daidaita zuwa pH 6. Tukunyar matsi ta girki tana yin wannan aiki, minti uku bayan ta fara huci, muddin ba za ta koma kicin ba. Bar su su huce a cikin ruwan minti 20. Sa haidirojin feroksaid 3% minti 10, kuma kada ka gajarta shi, domin jajayen ƙwayoyin jini suna ba da launin ƙarya. Toshe da ruwan jinin dabbar da aka yi antibodi na biyu a cikinta, minti 30. Sa antibodi na farko ya kwana a firji, cikin akwatin roba mai murfi da jiƙaƙƙen tishu a ƙasa. Washegari wanki, antibodi na biyu, wanki, DAB kana kallo a maikiroskop, ka tsayar da ruwa da zarar lafiyayyen nama ya fito sarai, sai hematoksilin kaɗan. Daga farko zuwa ƙarshe kada fallen ya bushe.

Wajen karantawa ka tuna cewa kusan rabin sel ɗin ɓangaren gaba na lafiyayyen pituitari masu GH ne. Ganin launi a gilashi ba labari ba ne. Abin tambaya shi ne ko sel ɗin da ke cikin dunƙulen da retikulin ya nuna sun ɗauka. 'Yan sel masu launi a bakin ƙari yawanci lafiyayyu ne da ƙarin ya rutsa da su. Ajiye gilashin GH kusa da na prolaktin ka nemi wuri ɗaya. In duka biyu sun kama, rubuta cewa ƙarin na GH da prolaktin ne. Cewa sel guda ke yin duka biyu sai da rini biyu a falle ɗaya. Pit-1 a cibiyar sel yake fitowa, kuma na dangin sel masu yin GH, prolaktin da TSH (sinadarin da ke motsa tayirod) ne baki ɗaya, don haka amfaninsa ya fi yawa in sinadaran sun fito da rauni.

A ɗan Adam ana raba wannan ƙari gida biyu: mai cike da ƙwayoyin ajiya, wanda GH ke kamawa da ƙarfi ko'ina, da mai ƙarancinsu, wanda rininsa ke da rauni, yake da dunƙulen keratin kusa da cibiya, kuma bai cika jin magani irin oktiriyotaid ba. A kan naman mutum aka gina wannan rabo. A ɓera ka bayyana abin da ka gani, ƙarfi ko rauni, ko'ina ko tsilla-tsilla, ka bar sanya suna sai in kana da hoton ilektiron.

In kuɗin antibodi bai samu ba, yi rinin PAS da Orange G. Zai ware maka masu ɗaukar ruwan lemo daga masu ja-shuɗi, amma ba zai raba GH da prolaktin ba. Ka rubuta iya abin da ya nuna, ka haɗa da IGF-1 da nauyin jiki, ka ajiye bulok har kuɗi ya zo.

MATAKI NA 10: ƘIRGA KI-67

MIB-1, antibodin Ki-67 da asibitoci ke amfani da shi, ba na ɓera ba ne. Antibodin SP6 yana kama na manyan ɓeraye da na ƙanana. Sa fallen hanji ko saifa don tabbatar da rinin ya yi.

Nemi wurin da launi ya fi yawa a cikin ƙarin, ɗauki hoto da lens 40, ka ƙirga cibiyoyi 500 zuwa 1,000, ka fitar da kaso. ImageJ da QuPath kyauta ne. Waya a bakin maikiroskop ma tana ɗaukar hoton da za a iya ƙirgawa in an kafa ta da kyau. Kada ka ƙirga sel ɗin bangon jijiya ko fararen ƙwayoyin jini, kuma a GH3 ka nisanci matattun wurare. Iyakar 3% da za ka gani a tsofaffin rubuce-rubuce ta ƙarin mutum ce, daga rabon Hukumar Lafiya ta Duniya na 2004, kuma an janye rukunin ƙarin da aka gina a kan wannan iyaka a 2017. Ka gwada da lafiyayyun dabbobinka kawai.

MATAKI NA 11: RUBUTA SAKAMAKO DA AJIYA

Ba wani ya rufe lambobin gilasai da sabbin lambobi kafin ka karanta, don kada sanin rukuni ya ja idonka. Ga kowace dabba rubuta iri, jinsi, watanni, nauyin jiki da na pituitari, IGF-1, yawan dunƙule da girmansu, ɓangaren da suka fito, halin retikulin, GH, prolaktin, Pit-1, kason Ki-67, zubar jini, da ko ƙarin ya matsa ƙwaƙwalwa ne ko ya kutsa cikinta. Bambancin nan na ƙarshe yana da nauyi: masu nazarin naman ɓera suna kiran ƙari mugu in ya kutsa ƙwaƙwalwa ko ƙashi, alhali a mutum sai ya bazu zuwa wani wuri. Ka faɗi ma'aunin da ka bi. Wajen lissafi, dabba ɗaya ita ce ɗaya. Hotuna goma daga ɓera guda ba ɓeraye goma ba ne. Jerin ƙa'idojin rubuta rahoton binciken dabbobi, wato ARRIVE na 2020, zai nuna maka sauran abin da mujallu ke tambaya.

Fallayen da ba a rina ba suna rasa ƙarfi cikin 'yan makonni, Ki-67 ya fi saurin tafiya, don haka kada ka tara su. In dole ne, sa su a firji cikin akwati mai rufi. Shafa ɗan narkakken kaki a fuskar kowane bulok don rufe naman, ka jera su a akwatin ƙarfe ko roba mai kauri, nesa da taga da rufin kwano, domin zafi yana narkar da su, kyankyasai da ɓerayen gida kuma suna cin su.